Filin Tambayoyinku: "Yarona yana aji 4, shi ke zuwa na 5, amma ya kasa karanta min saƙon waya"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da aka ba da hutu yara suka kawo rifot gida saƙonni ke ta shigowa, kuma yawancinsu abu ɗaya suke zagayawa a kai, shi ya sa na tsamo guda biyar na haɗa su waje ɗaya. Waɗanda ban taɓo nasu ba ku yi haƙuri suna nan ajiye. Kamar kullum ba na sa sunan mutum ko na makaranta.

TAMBAYA: Salam Malama, dan Allah ki taimaka min da shawara dan wlh abin nan ya hana ni barci. Yarona shekararsa 10 yana aji 4 a makarantar kuɗi, duk zango sai mun matse muke biya, ni ɗinki nake yi babansa kuma direba ne. Rifot ɗinsa kullum da kyau, wannan karon ma shi ya zo na 5 cikin su 38. To shekaranjiya ina wanke-wanke saƙo ya shigo wayata nace ya karanta min, da Hausa ne fa layi biyu kacal, yaron nan ya tsaya yana kallon wayar kamar bai taɓa ganin baƙi ba. Na ɗauko littafinsa na Turanci na buɗe inda aka yi musu ya karanto tas, na buɗe gaba inda ba a zo ba shiru kake ji. Kakarsa tace sammu ne a kai shi a masa rubutu, babansa yace daƙiƙanci ne kawai, ni kuma na rasa wanda zan kama. Daga Maman Biyu, Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da farko ki kwantar da hankalinki, yaronki ba daƙiƙi ba ne, kuma ki lallaɓa babansa ya daina faɗin wannan kalmar a gabansa, dan yaro in ya ji ta sau uku daga bakin ubansa to ya karɓa kenan. Yaron da zai haddace shafi guda cur na yaren da ba ya ji ya karanto miki ba gargada ai kansa na ja. Abin da ya faru shine hadda aka koya masa ba karatu ba, malami ya rubuta a allo ya faɗa su maimaita, ya faɗa su maimaita, ranar jarabawa a kawo abin nan dai da aka maimaita, shi kenan ya zo na 5. Wanda ya zo na 1 ma in kika miƙa masa wayar ba mamaki haka zai tsaya.

Na ga wannan da idona shekarun baya lokacin da nake zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wani ƙauye ta hanyar Alkaleri. Aji 3 ne, yara zaune a ƙasa wasu kan buhu, an rubuta jimla a allo suna rera ta da ƙarfi har ana jiyowa daga bakin titi, duk wanda ya wuce zai ce ma sha Allah karatu ake. Sai na karɓi sandar daga hannun ɗalibin namu na nuna kalmar ƙarshe maimakon ta farko. Wallahi gaba ɗaya ajin suka faɗi kalmar farko. Na nuna ta tsakiya suka faɗi ta biyu. Wata 'yar yarinya ce kaɗai a can gefe da hijabi ruwan toka ta yi shiru tana motsa leɓe tana haɗa baƙin da kanta, da na tambaye ta wa ya koya mata tace yayanta ne da daddare da fitilar waya. Har yau in na tuna sauran yaran nan sai raina ya sosu, dan sun zo, iyayensu sun sake su daga gona da talla sun zo, mu ne ba mu ba su abin da suka zo nema ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2019 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ya kira talaucin koyo, wato yaro ya kai shekara 10 bai iya karanta ɗan gajeren labari ya gane ba. A lokacin suka ce kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi haka suke, bayan korona a 2022 suka ƙiyasta abin ya kai kashi 70, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan yara 9 cikin 10 ne. Nan gida ma an auna, a 2013 an bi makarantu a Bauchi da Sakkwato ana zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya ana ba su ɗan labari da Hausa, mafi yawan 'yan aji 2 ko kalma ɗaya ba su iya fitarwa ba. Irin wannan sakamakon ne ya jawo littattafan Mu Karanta da aka shigo da su firamaren gwamnati a jihohin biyu da tallafin USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Abin da ke ci min rai shine ɗan mai hali in ya maƙale za a ɗauko masa mai lesin a gyara a wata uku ba wanda ya ji, ɗan talaka kuwa haka za a yi ta tura shi aji gaba aji gaba har ya iske WAEC, sannan a ce shi ne bai da ƙoƙari.

Yanzu ga abin da za ki yi a hutun nan. Ki zaunar da shi ba tsawa ba bulala ki gano inda ya tsaya. Rubuta baƙaƙe kamar goma a hargitse, ba a jere ba dan jeren ya haddace shi, ki ce ya faɗi sautinsu. In ya wuce ki ba shi kalmomi irin su riga, tuwo, kaza, gida. In ya wuce ki ba shi jimla biyu uku, sai ɗan labari ki tambaye shi me ya faru a ciki. Inda ya cije nan ne ajinsa na gaskiya, daga nan za ki fara komai aji 4 ɗin da ke jikin rifot. Ki fara da Hausa dan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, ba ta da ɓoyayyen baƙi irin na Turanci. Tunda ke mai ɗinki ce ki yanka kwali ƙanana ki rubuta ba bi bu, ka ki ku, ra ri ru, ki zube masa kusa da keken yana haɗawa yana kawo miki kalma kina aikinki, minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Ki lura kuma ko yana ƙanƙance ido ko sai an maimaita masa magana, in haka ne a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Maganar kaka kuwa kar ki musa mata, addu'a ba abin yarwa ba ce, ta yi masa ke kuma ki yi kwalin. In an koma ki je makarantar da kanki ki ce a ba shi shafin da bai taɓa gani ba ya karanta a gabanki da malamin, kuɗinki kike biya kina da ikon tambaya.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni malamin firamare ne na gwamnati a yankin Darazo, aji 4 nake riƙe da shi yara 96 a rajista, ranar da ba kasuwa sukan kai 80. Gaskiya waɗanda ke iya karatu ba su fi 12 ba. In na tsaya koya wa sauran baƙaƙe sai mai duba aiki ya zo yace ina baya a silabus, in na bi silabus kuma da yara 12 nake magana sauran ido kawai. Kullum a rediyo mu ake zagi wai malamai ne matsalar. Ya zan yi?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Wanda ya san yara 12 ne ke bin sa cikin 96 to yana kallon ajinsa, da yawa ba su ma ƙirga ba. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, kai an ba ka kusan ninki uku, wannan ba laifinka ba ne. Amma ba zan ɓoye maka ba ɓangarenmu ma akwai gyara, binciken da Bankin Duniya ya yi a 2013 a jihohi huɗu har da Bauchi, inda ake faɗawa makaranta ba sanarwa, ya samu kusan malami ɗaya cikin biyar ba ya cikin aji a lokacin darasinsa.

Tambayar taka ita ce ainihin abin da masu bincike suka shafe sama da shekara ashirin a kai. A yammacin Kenya an raba littattafai a makarantun ƙauye ana zaton maki zai tashi, sai aka ga 'yan gaban aji kaɗai suka amfana, dan littafin da Turanci yake kuma an rubuta shi ne dan yaron da ya riga ya iya. An kuma gwada ƙara malami a raba aji biyu daga yara tamanin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, rage yawan kaɗai bai yi wani abin kirki ba, amma inda aka raba su gwargwadon abin da suka sani kowa ya ƙaru har na can baya. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta ɗauki wannan ta mai da shi tsari, a gwada yaro, a haɗa shi da 'yan matakinsa ba 'yan ajinsa ba, a ware lokaci kullum a koya masa daga inda ya tsaya. A jihar Uttar Pradesh kwana arba'in zuwa hamsin kacal aka yi ana haka, masu iya karanta sakin layi suka ninka na makarantun da ba a yi ba. Cikin waɗanda suka auna waɗannan abubuwa akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer da suka ci kyautar Nobel a 2019, kuma an kawo tsarin Najeriya an gwada a Borno da Kano.

Ni duk lokacin da na karanta wannan makarantar allo nake tunawa. Ka dubi alaramma da almajirai sittin a gabansa, wani na babbaƙu wani na farfaru wani ya yi nisa a zube, kowa da allonsa kowa da inda yake, kuma ba a wanke allo sai an biya. Ba wanda ke cewa tunda ka shekara a nan dole ka wuce izu na gaba. Gardi kuma na taya malam biya wa ƙolo. Abin da aka je har Indiya aka auna aka tabbatar yana nan a zauren unguwarmu tun kaka da kakanni, mu 'yan boko ne muka ɗauki kalanda muka ɗora a kan yaro.

Sai dai ka kula da wani abu. A Indiyan ma akwai jihohin da aka gwada abin ya ƙi, kamar Bihar da Uttarakhand, an horar da malamai an ba su kaya amma ba a ware musu lokaci ba, masu duba aiki kuma silabus suke tambaya, sai kowa ya koma gidan jiya. A Haryana da gwamnati ta ware awa guda a jadawali ta sa jami'anta suna bibiya sai ya yi aiki. Kenan kai kaɗai ba za ka iya ba Malam. Ka gwada yaranka ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta sakamakon a takarda ɗaya, mutum nawa ne ba su san baƙi ba, nawa ne a kalma, nawa ne a labari, ka kai wa hedimasta, ku nemi malaman aji 3 da 5 ku haɗa yaran ku raba su gida uku na awa ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi, kowane malami ya ɗauki mataki ɗaya. Yaran nan 12 su ne gardawanka. In mai duba aiki ya zo ka miƙa masa takardar ka ce ranka ya daɗe zaɓi yaro ɗaya daga layin baya ka ba shi littafin aji 4. Bayan sati shida ka sake gwadawa ka rubuta a gefen na farkon, da wannan takardar za ku je wajen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

TAMBAYA: Malama ni ɗan kasuwa ne a Azare. Na ji kina yawan cewa a fara koya wa yara da Hausa. To ai ita gwamnati da kanta ta soke wannan, kuma JAMB da WAEC da neman aiki duk Turanci ne. Yaranmu na Arewa dama an bar su a baya, ba ƙara danne su za a yi ba? Masu faɗin haka nasu 'ya'yan suna makarantun da ko "zo" aka ce da Hausa sai an ci tara.

AMSA: Alhaji maganarka ta ƙarshe gaskiya ce kuma tana da ciwo, ba zan kare kowa a kai ba. Kuma nima so nake yaranmu su iya Turanci har su fi na kowa, a hanya ce kawai muka bambanta. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, wato gane cewa wannan zanen sauti ne, in an haɗa su su ba da magana. Yaron da ya gano wannan da yaren da yake mafarki da shi, in ya zo Turanci kalmomi kawai zai nema. Wanda aka fara masa da Turanci tun ranar farko kuwa kaya biyu aka ɗora masa lokaci ɗaya, ga baƙin yare ga baƙon aiki, in a gidansu ana Turanci ana da littattafai zai tsallake, in ɗan mai facin taya ne sai ya koma hadda kamar yaron da ke tambayar farko.

An gwada wannan a ƙasar nan tun 1970. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka ɗauki yara suka koya musu komai da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma darasi ne guda da ƙwararren malami, aka kwatanta su da waɗanda aka juya musu zuwa Turanci a tsakiya. 'Yan Yarabancin ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi gaba. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a yi shekarun farko na firamare da harshen gida, a Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan garinku, ya sanar an mai da shi shekara shida, sai a Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, wai faɗuwa jarabawa ta yi yawa a inda aka rungumi harshen gida. Ni dai ban gamsu ba, dan wanda aka fara masa a 2022 ko firamare bai gama ba balle ya zauna WAEC, kuma a wace makaranta aka taɓa kai littafin lissafi da kimiyya na aji 5 da Hausa har da za a ce shi ya kayar da yara? Abin da ke faruwa a ajinmu ba Hausa ba ne ba Turanci ba ne, allo da Turanci, bayani da Hausa, jarabawa da hadda.

Akwai wahala a ciki ban musa ba, jihar nan ba Hausa kaɗai ake ji ba, yaron rugar Fulani a Gamawa ko ɗan Sayawa a Bogoro ko Bajari a Dass shi ma yana da nasa haƙƙin, kuma samar musu littafi da malami aiki ne ja. Kai dai a gidanka Alhaji ka bar su a makarantar da suke, amma ka tabbata kowannensu na iya karanta wasiƙa da Hausa ya rubuta amsa, Turancinsu ma zai fi zama.

TAMBAYA: Anti ina yini, ina SS3 a Gombe unguwar Pantami. Ina karatu sosai har ƙarfe 1 na dare amma ina shiga jarabawa komai ya gudu. Abokaina sun ce in dinga amfani da ChatGPT. Yana taimakawa ko ɓata lokaci ne?

AMSA: Lafiya lau ɗana. Ina zaton maimaita karanta not kake yi har ka ji kamar ka iya. A 2006 wasu masana a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Bayan sati ɗaya masu maimaitawa kashi 40 suka tuna, masu rufe takarda kashi 61. Ka tambayi duk mahaddacin da ka sani, da ka yake tilawa yana tafiya, sai ya maƙale yake leƙa Alƙur'ani. Haka za ka yi wa bayoloji da kemistiri, karanta shafi, rufe, rubuto, duba inda ka faɗi, ka dawo masa bayan kwana uku, ka kuma bayan sati. Ka yi ta tsofaffin tambayoyin jarabawa da agogo a gabanka. Kuma ka kwanta da wuri, a barci ne abin ke zama.

Ita kuma ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ɗin da ka tambaya, ya danganta da yadda ka riƙe ta. A Benin ta jihar Edo a 2024 an sa 'yan SS1 suna koyon Turanci da ita bayan an tashi, sati shida, malamai na tsaye a kansu, kuma sun ƙaru sosai. A Turkiyya kuwa an ba ɗalibai kusan dubu ita suna lissafi, waɗanda aka sakar musu ita haka nan suka yi ta kwafar amsa, ranar da aka karɓe sai suka yi ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Kar ka ce ta ba ka amsa, ka ce ta yi maka tambaya ta duba taka, kuma takan yi kuskure, ka dinga gwadawa da littafinka.

TAMBAYA: Malama ƙanwata ta gama aji 6 ita ce ta ɗaya a ƙauyenmu a ƙasar Ningi, likita take so ta zama. Ƙaramar sakandare mafi kusa tafiyar kilomita 7 ce ta cikin gonaki. Baba yace ba za ta je ba, ba wai ya ƙi boko ba ne ni ma shi ya sa ni har na yi NCE, tsoron hanya yake, kuma an fara zuwa tambayar aurenta. Shekararta 13. Na rasa yadda zan ɓullo masa ba tare da na saɓa masa ba.

AMSA: Ƙanena Allah ya yi maka albarka da ka tsaya mata, kuma na ji daɗi da ka yi wa Baba adalci. Wanda ya ji abin da ya faru a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, ya kuma san abin da ke iya samun yarinya ita kaɗai a hanyar gona ko ba 'yan bindiga, ba za a ce masa jahili ba dan ya ji tsoro. Sau da yawa ana zuwa ƙauye da lasifika wai wayar da kan iyaye, alhali kansu a waye yake, hanya ce matsalarsu. An gwada an gani, a lardin Ghor na Afganistan, inda ake cewa mutane ba sa son karatun mata, aka buɗe aji a cikin ƙauyen kansa a ɗakin da ke akwai, shigar 'yan mata ta ƙaru da maki 52 cikin 100 a shekara guda, tazararsu da maza ta kusa ɓacewa. A jihar Bihar ta Indiya kuma tun 2006 gwamnati ta ba 'yan matan sakandare kuɗin keke, shigarsu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma dalili ɗaya shine sun koma tafiya a ayari maimakon ɗai-ɗai.

Dan haka kar ka je wa Baba da wa'azin amfanin ilimi, ya riga ka sani. Ka je masa da amsar hanya. Ka zaga ka ƙirga 'yan matan da suka gama tare da ita da na bara da ke zaune a gida, in sun kai biyar shida iyayensu su haɗa kuɗin mai a samu amintaccen mutum ɗan gari mai Keke Napep ko a dinga raka su ana karɓa-karɓa. In akwai gwaggo ko inna a cikin Ningi da Baba ya yarda da tarbiyyarta, zama wajenta ranakun makaranta ma hanya ce da aka saba da ita. Ka kuma je wajen hedimasta da shugaban SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen gari da ke kula da makaranta, ku rubuta takarda ta hannun mai gari zuwa ofishin ilimi kuna neman a ɗora ƙaramar sakandare a firamarenku, da sunayen yaran a jere, dan shirin AGILE na karatun 'yan mata na Bankin Duniya da aka fara a 2020 aka faɗaɗa shi a 2023 har da Bauchi da Gombe, cikin aikinsa akwai gina irin waɗannan ajujuwan da tallafin kuɗi ga iyayen 'yan mata. Ba na maka alkawarin za su zo da wuri, shi ya sa nace ka fara da abin da ke hannunku.

Kuma kar ka tare shi kai kaɗai a gaban mutane. Ka sami amininsa ko liman ko babban wansa ka fara zama da su, su je masa bayan isha'i, kai kana gefe a durƙushe ka ce Baba ni na ɗauki nauyin kai ta da dawo da ita, a gwada zango ɗaya a gani. Masu neman aure a ce musu tana karatu, mai so da gaske zai jira. Kafin nan kar ka bar ta ta huce, ka samo mata littattafan JS1 ko tsofaffi ne ku dinga yi da yamma, ta kuma tara ƙannenta tana koya musu haɗa baƙi. Ka sake rubuto min bayan an zauna da Baba, ina so in ji abin da ya ce.